Yadda ƙirƙirarriyar basira ta AI ke komawa aiki a bayan fage, da abin da hakan zai janyo wa mai waya

Duk mai amfani da WhatsApp ya san ɗan agogon nan da ke fitowa a gefen saƙo idan babu sabis. Ka rubuta saƙo ka tura, bai tafi ba, amma wayar ba ta tsaya cak tana jiransa ba. Sai ka mayar da ita aljihu ka ci gaba da harkokinka. Da sabis ya dawo, agogon ya ɓace, alamar tik ta fito.

Dabaru biyu ne suka sa hakan ke yiwuwa. Ta farko, manhajar ba ta tilasta wa mutum jira sai aiki ya kammala. Ta biyu, tana ɗauke da ma'ajiyar saƙonni a cikin jikinta, don haka ba sai ta tuntuɓi wata kwamfuta a ƙasar waje ba kafin ta adana abin da ka rubuta.

Dabarun sun daɗe a duniyar kwamfuta. Sabon abu shi ne yadda masu haɗa manhaja suka duƙufa wajen ɗora ƙirƙirarriyar basira ta AI a kansu.

Tun da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT ranar 30 ga Nuwamban 2022, abin da akasarin mutane suka sani game da AI shi ne shafin hira: ka yi tambaya, ka zuba wa waya ido, amsa tana fitowa kalma bayan kalma. Yanzu aikin yana ta barin wannan shafi yana shigewa cikin manhajojin da muke amfani da su kullum, inda yake gudana ba tare da mutum yana kallo ba.

Sauyin yana rage kashe kuɗi, yana kuma jure wa yankewar sabis, abubuwa biyu da ke ci wa mai waya tuwo a ƙwarya a Najeriya da Nijar. Sai dai yana ɗauke idon ɗan'adam daga kan aikin, kuma a nan gizo ke saƙar.

Aiki ɗaya, matakai da yawa

Aikin da kamfanoni ke ba AI ya wuce tambaya da amsa. A ce wani gidan rediyo yana son adana hirarrakinsa a rubuce. Sai an fara tace hayaniya daga muryar, a mayar da ita rubutu, a fassara, a taƙaita, sannan a haɗa hoton da zai raka labarin. Kowane mataki yana jiran wanda ya gabace shi, kuma mai yiwuwa kowanne wata ƙwaƙwalwar AI ce daban ke yin sa. Wannan sarƙar matakai ita ce jerin aiki.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne ComfyUI, wata manhaja ta kyauta da ta fito a Janairun 2023, watanni kaɗan bayan kamfanin Stability AI ya saki Stable Diffusion mai ƙirƙirar hotuna a Agustan 2022.

A ComfyUI, kowane mataki akwati ne a kan allo, ana kuma haɗa akwatunan da zare. Wannan ya karɓi bayanin hoton da ake so, wancan ya zana, na gaba ya ƙara masa girma, na ƙarshe ya adana. Ana iya ajiye tsarin gaba ɗaya a ɗan ƙaramin fayil a tura wa wani. Idan aka sauya akwati ɗaya, manhajar ba ta sake aikin tun daga farko, abin da sauyin ya shafa kawai take maimaitawa.

Amma an gina ComfyUI ne ta tsaya da ƙafarta: a kunna ta a kwamfuta, a buɗe ta a burauza, a riƙa jera mata ayyuka. Mai haɗa manhajar da ke son wannan ƙarfi a cikin tasa manhajar sai ya kunna ta a gefe yana aika mata saƙo, kamar mai shago da injinsa ke gidan maƙwabci. Shi ya sa ake ta ƙoƙarin mayar da irin waɗannan injina laburare, wato ƙunshin rubutun manhaja da za a ɗauka a saka kai tsaye a cikin wata manhaja. Kamfanin Hugging Face ya bi wannan hanya tun farko da laburarensa na Diffusers a 2022.

Kai niƙa da tsayuwa a layi

Akwai hanya biyu ta kai niƙa. Ko dai ka tsaya a kan mai injin har a zo kan kwanonka, ko ka ajiye kwanon a layi ka wuce kasuwa, ka biyo ka ɗauka a hanyar dawowa. Injin bai ƙara gudu ba don ka tafi. Lokacinka ne kawai bai salwanta ba.

Haka abin yake a manhaja. Amsar gajeriyar tambaya kan ɗauki daƙiƙoƙi, amma rubuta hirar awa guda ko ƙirƙirar bidiyo kan ci mintuna. Idan manhaja ta tsaya jira, allon waya zai daskare. A Android, idan manhaja ta yi kimanin daƙiƙa biyar ba ta amsa taɓawar mai waya ba, sai wayar ta fito da gargaɗin nan da ke tambaya ko a rufe ta.

Maganin shi ne manhajar ta karɓi aikin, ta ba shi lamba, ta saka shi a layi, ta koma hidimar mai waya. Idan aikin ya kammala ta sanar. Harshen Python, wanda aka fi rubuta manhajojin AI da shi, ya samu kayan wannan aiki mai suna asyncio a 2014, sannan a 2015 aka ƙara masa kalmomin umarni biyu, async da await, da suka sauƙaƙa rubuta shi.

Inda abin ya zama na kuɗi shi ne a farashi. A Afrilun 2024, OpenAI ya fito da tsarin da kamfani zai tara ayyukansa ya miƙa a dunƙule, a dawo masa da sakamako cikin awa 24, a kan rabin kuɗin da aka saba biya. Kamfanin Anthropic ya fito da irinsa a Oktoban shekarar, shi ma a rabin farashi. Google ma yana da nasa.

Dalilin ragin ba tausayi ba ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta GPU da ke wannan aiki tana da tsada ƙwarai, kuma duk lokacin da take zaune ba aiki asara ce ga mai ita. Wanda ke son amsa nan take tamkar wanda ya ɗauki shatar mota ne. Wanda ya yarda ya jira kuwa kuɗin kujera ya biya a tasha, sai mota ta cika a tashi. Kamfanin yana cusa ayyukan masu jira a lokutan da injinansa ba su da cunkoso.

Ayyuka da dama ba sa buƙatar shata. Fassara takardu dubu, rubuta bayanin kaya a shagon intanet, tantance ƙorafe-ƙorafen abokan ciniki, duk za su iya kwana a layi.

Injin a cikin gida

Ɓangare na biyu shi ne inda injin yake zaune. A shekarar 2000, wani injiniya Ba'amurke mai suna Richard Hipp yana aikin manhaja ta jirgin ruwan yaƙin Amurka. Abin da ya dame shi shi ne manhajar ta dogara da wata ma'ajiyar bayanai da ke aiki daban, idan ta tsaya komai ya tsaya. Sai ya rubuta SQLite, ma'ajiyar da ke zaune a cikin manhajar kanta.

Yau SQLite yana cikin kowace wayar Android da iPhone, kuma a cikinsa WhatsApp ke adana saƙonninka. Masu kula da shi sun ƙiyasta cewa ma'ajiyoyinsa da ke aiki a duniya sun haura tiriliyan ɗaya, amma da wuya ka samu mai wayar da ya taɓa jin sunansa.

Wannan turba AI ta kama. A Maris ɗin 2023, wani mai rubuta manhaja ɗan ƙasar Bulgeriya, Georgi Gerganov, ya fitar da llama.cpp, wanda ya ba da damar kunna ƙwaƙwalwar AI ta kamfanin Meta a kwamfutar tafi-da-gidanka. Dabarar ita ce a matse lambobin da ƙwaƙwalwar ta ƙunsa. Mai ma'aunai biliyan bakwai, wadda a da ke cin gigabait 13 zuwa 14, tana iya komawa kimanin gigabait huɗu, da 'yar asarar inganci. Kafin nan ya yi irin wannan wa Whisper, manhajar OpenAI mai mayar da murya rubutu.

Manyan kamfanoni ma sun bi sahu. Google ya saka Gemini Nano a wayar Pixel 8 Pro a Disamban 2023. A Yunin 2025, Apple ya buɗe wa masu haɗa manhaja ƙwaƙwalwar AI da ke cikin iPhone, mai ma'aunai kusan biliyan uku, wadda ke aiki ko babu intanet, kuma ba a biyan kuɗi a kan kowace tambaya.

Sai dai a lura da wani abu. Kasancewar laburare a cikin manhaja ba ya nufin bayananka na nan a wayarka. Wasu laburaren, kamar LangChain da Harrison Chase ya fara a Oktoban 2022, aikinsu tsara matakai ne. Ainihin tunanin kan faru ne a duk inda mai manhajar ya zaɓa, wanda sau da yawa kwamfutocin wani kamfani ne a Amurka ko Turai. Mai waya ba shi da hanyar gane bambancin ta kallon allo.

Me ya shafe mu?

Ranar 14 ga Maris ɗin 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Manhajojin bankuna da dama a Najeriya suka daina aiki yadda ya kamata, aka kuma ɗauki makonni ana gyara. A Oktoban shekarar, jihohin Arewa da yawa suka shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kai musu wuta.

Manhajar da aka gina bisa zaton sabis ba ya yankewa, an gina ta ne don wata ƙasa daban. Na taɓa ɗora muryar wata hira ta kusan awa guda a wani shafin da ke mayar da murya rubutu. Ana dab da kammalawa sabis ya ɗauke, aikin ya koma farko, datar da na saya ta tafi. Da manhajar ta raba aikin gida-gida tana adana inda ta tsaya, da daga nan za ta ɗora.

Sai maganar kuɗi. Da dala ake biyan kamfanonin AI. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ga matashin da ke haɗa manhaja a Kano ko Kaduna, ragin rabin farashi na iya zama abin da zai sa sana'arsa ta ɗore.

Akwai ƙarin nauyi a kan mai aiki da Hausa. Kamfanonin suna lissafin kuɗi ne da gutsattsarin kalmomi da injin ke yanka rubutu zuwa gare su. Da yake an fi horar da injinan da Turanci, jimlar Hausa kan rabu gida-gida fiye da takwararta ta Turanci, kuɗinta kuma ya ƙaru.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje. Asibiti ko ofishin lauya da zai iya sarrafa bayanan mutanensa a kwamfutar da ke cikin gininsa ya rage wa kansa wannan ciwon kai.

A Satumban 2025, ministan sadarwa Bosun Tijani ya sanar da N-ATLAS, ƙwaƙwalwar AI da aka horar da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Najeriya, wadda aka yi da haɗin gwiwar kamfanin Awarri, aka kuma buɗe ta ga masu son saukewa. Amfanin irin wannan ba zai bayyana ba sai ranar da aka iya saka ta cikin manhajojin da manomi da ɗan kasuwa ke riƙe da su.

Duk da haka, kada a yi saurin murna. Wayoyin da suka fi yawa a kasuwanninmu su ne Tecno da Infinix da itel, kuma masu araha daga cikinsu ba su da ƙarfin ɗaukar ƙwaƙwalwar gigabait huɗu. Tsarin Apple sai iPhone 15 Pro zuwa sama. Aikin yana cin batir yana kuma sa waya zafi. Ƙananan ƙwaƙwalen da ke iya shiga waya kuwa su ne suka fi rauni a Hausa. Abin da ya fi kusa da mu a yanzu shi ne kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a ofis ko makaranta, wadda wayoyi za su riƙa ajiye mata aiki a layi.

Baƙon da aka shigar har ɗaka

Laburaren da aka saka cikin manhaja yana samun duk ikon da manhajar ke da shi. Idan tana iya buɗe fayilolinka, shi ma yana iya buɗewa. Kuma laburare ɗaya kan jawo wasu gomomi a bayansa, waɗanda mai manhajar bai taɓa karanta su ba.

A Disamban 2024, masu kutse suka cusa manhajar haƙo kuɗin kirifto a wasu sababbin fitowar Ultralytics, wani sanannen laburaren gane abubuwa a hoto. Wasu masu amfani da ComfyUI suka kwashi cutar ba tare da sun nemi Ultralytics da kansu ba, domin wani ƙarin kayan aiki da suka saka ne ya jawo shi.

Wanda ya fi muni ya faru a kamfanin Disney. A 2024 wani ma'aikacinsa ya sauke wata manhaja da aka ce ta ƙirƙirar hotuna ce da AI, ashe an ɓoye tarko a ciki. Ta nan aka samu kalmomin sirrinsa, aka kwashe kimanin terabait 1.1 na bayanan cikin gida na kamfanin, aka watsa a intanet a watan Yuli. A Mayun 2025, wani matashi ɗan jihar Kalifoniya ya amince zai amsa laifin a gaban kotu.

Akwai kuma batun lasisi. ComfyUI tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya tanadi cewa duk wanda ya haɗa ta cikin manhajarsa ya rarraba wa jama'a, to dole ya buɗe rubutun tasa manhajar a kan sharuɗɗa iri ɗaya. Diffusers kuwa lasisinsa na Apache ne, bai ɗora wannan sharaɗi ba. Matashin da bai karanta lasisi ba zai iya gina sana'a a filin da ba nasa ba.

Wa ke duba garin kafin a tuƙa?

Haɗarin da ya fi shafar mai karatu shi ne kuskuren da babu wanda ya gani. A shafin hira, idan AI ta yi shirme kana kallo, sai ka gyara mata. A jerin aikin da ke gudana cikin dare, kuskuren mataki na biyu yana wucewa zuwa na uku da na huɗu, ya fito a ƙarshe da kyakkyawan tsari kamar gaskiya.

A Oktoban 2024, kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa Whisper kan ƙirƙiro jimlolin da babu wanda ya furta su, alhali ana amfani da kayan aikin da aka gina a kansa a asibitocin Amurka. Hausa tana cikin harsunan da Whisper ya lissafa, amma tana cikin waɗanda ba a horar da shi da su sosai ba.

A Mayun 2025, jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta ba masu karatu shawarar karantawa. Goma daga cikinsu babu su a duniya. Marubucin ya yi amfani da AI, rubutun kuma ya wuce daga hannu zuwa hannu har ɗab'i babu wanda ya bincika.

Kamfani ba zai iya jingina laifin ga injin ba. A Fabrairun 2024, wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a Kanada ta umarci kamfanin jiragen Air Canada ya biya wani fasinja diyya saboda bayanin ƙarya da manhajar hirarsa ta ba shi game da ragin kuɗin tikiti.

Akwai wata matsalar da duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi sau biyu a POS zai gane. Manhajar da ke aiki a bayan fage takan sake gwadawa idan ba ta ji amsa ba. Idan ba a gina ta da hanyar gane cewa aikin farko ya riga ya shiga ba, sai ta aika saƙo sau biyu, ko ta yi ta maimaita aiki mai tsada har gari ya waye, lissafin dala yana hawa.

Abin da ya rage ga mai waya

Ba kowa ne zai karanta rubutun manhaja ba, amma akwai gwajin da kowa zai iya yi. Idan manhaja ta ce AI ɗinta a cikin waya take aiki, kashe data ka gwada. In ta tsaya, to bayananka suna fita waje.

Idan za ka ba ta babban aiki, fara da ƙarami ka ga ko tana ɗorawa daga inda ta tsaya bayan sabis ya yanke. Kada ka sauke kayan AI daga mahaɗin da aka turo a zauren WhatsApp ko Telegram, musamman a wayar da manhajar bankinka ke ciki.

Ga ma'aikatu da kamfanonin da ke shirin sayen irin waɗannan manhajoji, tambayar da za a fara yi wa mai sayarwa ita ce a wane mataki aka tanadi mutum ya duba aikin kafin ya fita. Fassarar umarnin shan magani, ko sakamakon jarrabawa, ko sanarwar hukuma, bai kamata su tashi daga layi su faɗa wayar jama'a kai tsaye ba.

Wanda ya bar kwanonsa a wurin mai niƙa ya samu lokacin zuwa kasuwa. Amma idan ya dawo, sai ya buɗe ya duba ko garinsa ne, ko kuma an haɗa masa da na wani.